Watandar littattafan Baba

Shekara goma ke nan da aka fitar da ƙanena Hamisu daga gidanmu na Ambassatna, a nan N'Djamena, aka kai shi inda ba a dawowa. Mu Auta muke ce masa har ya yi furfura. Abokan aikinsa a ɗakin karatu na jami'a, wanda ku a Kano kuke kira laburare, mu nan ake ce wa bibliyotek, su Misye Hamisu suka sani. Ni ce yayarsa, Delu. Ban yi boko ba, na allo ma abin da zan yi salla da shi kawai na samu, shi ma da ka. 'Yata Balki ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta yi wa maganata kwalliya. In kun ji wani wuri ya yi kaushi, nawa ne.

Ba za a gane Auta ba sai an fara da Baba. Mahaifinmu, Malam Ɗanjuma, mutumin ƙasar Katsina ne. Da ƙafa ya taso zai je Makka, jakinsa ɗaya, gafakokin littattafansa a rataye. Guzuri ya ƙare masa a garin nan, lokacin ana ce masa Fort-Lamy. Mahautan unguwa suka riƙe shi ya zama limaminsu, suka ba shi 'yarsu, ita ce Innarmu. Makkar bai gani ba sai da ya tsufa, a jirgi. 'Ya'yansa maza biyu na fari, Yaya Garba da Ilu, wuƙar kawunnansu suka ɗauka, ba alƙalamin ubansu ba. Ni da ƙanwata Hauwa cikin mahauta aka aurar da mu. Auta kaɗai ya durƙusa gaban Baba, daga baya ya haɗa da boko.

Littattafan Baba ba irin na yanzu ba ne masu ɗinki. Warƙa-warƙa ne, rubutun hannu, tawada baƙa da ja, a jera tsakanin bangon fata biyu, a ɗaure, a zura a gafaka. Wasu shi ya kwafa da hannunsa, wasu na malamansa ne. Akwai na fiƙihu, akwai waƙoƙin wa'azi cikin ajami, akwai na lissafin taurarin damina, akwai na magani. Mu yara ba ma taɓawa. Ƙamshinsu kawai muka sani, ƙamshin fata da hayaƙi.

Da yaƙi ya ci garin nan muka ƙetare kogi a kwalekwale zuwa Kusiri, ƙasar Kamaru, kamar kowa. Baba ya bar gado da katifa ya ɗauki gafakokinsa. A can ya rasu, ƙarƙashin rumfar zana. Auta yana Yamai wajen karatu, hanya a toshe. Babu alƙali, malaman da muka sani kowa ya kama gabansa. Sai rabon gado ya faɗo kan Yaya Garba.

Yaya Garba kuwa duk unguwa an shaide shi da hannun watanda. In aka haɗa kai aka sayi sa, shi ake kira ya kasa, don ba a taɓa jin wanda ya ce an tauye shi ba. Kowane kashi sai ya samu tsoka, ya samu hanta, ya samu tumbi, ya samu ƙashi. To da wannan hannun ya zauna gaban littattafan. Alƙur'anin Baba bai taɓa ba, masallaci ya kai shi. Sauran ya kwance su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ba za a ba wani mai kauri a ba wani siriri ba, ba kuma za a ce wance ta samu na magani wane ya tashi da na taurari ba. Daga kowane littafi ya ɗebar wa kowa, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, yana aunawa da kaurin yatsa. Muna zaune muna sa masa albarka. Wallahi adalci ya nufa.

Da Auta ya dawo aka miƙa masa nasa ƙunshin. Ya buɗe, ya ɗaga warƙa, ya ɗaga ta biyu, ya ɗaga ta uku, sai na ga hannunsa ya tsaya.

"Yaya Garba, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni na yi. An tauye ka ne? Kai har gyara na sa maka, don kai ne mai karatu."

"Yaya, saniya sai an yanka ake cin ta. Littafi in aka yanka shi, ba mai ci."

Yaya Garba ya cire hula ya daɗe yana duban cikinta. 

Farkon shekarun casa'in Auta ya samu aiki a ɗakin karatun jami'a. Shi ya ba ni tarihin wurin, a guntu-guntu, in ya zo cin tuwo. Ya ce tare da jami'ar aka buɗe shi tun kafin yaƙi, littattafan farko daga Faransa suka zo, ta ruwa, sannan manyan motoci suka haura da su ta Kamaru. Ya ce akwai lokacin da kantocin suka cika har ana jingina wasu a ƙasa. Da yaƙi ya zo aka ɓalle ƙofa, katakon kanta ya zama itacen girki, littattafai suka bi gari.

Wannan kashi na tarihin na fi shi sani. Sana'ata kilishi ce da dambun nama, kuma mai kilishi ba ta rabuwa da takarda. Bayan mun dawo daga Kusiri, takarda ta yi arha a Gran Marshe, babbar kasuwar garin nan, dami-dami, fara sol mai kauri, ba ta jin mai. Na saya, kowa ya saya. Ban ji kunya ba a lokacin, yanzu ma ba na ji, takarda na gani a kasuwa. Abin da na lura da shi kawai, wasu suna da wani hatimi ruwan makuba, mai siffar ƙwai. Wata rana na ƙunsa wa Auta kilishi, ya ci rabi, ya shimfiɗa takardar a gwiwa yana karantawa, mai yana naso a jikinta. Ya nuna mini ƙwan nan ya ce, "Yaya, wannan tamu ce." Ya kwashe duk abin da ya rage mini, washegari ya kawo mini takardar buhun siminti a madadi. Daga nan na sa ido. Duk mai ƙosai ko mai gyaɗa da na gani da takarda mai ƙwai, sai in karɓe in ba ta ta siminti. Wani lokaci littafi sukutum nake samu ba a fara yaga ba. Har yau a kantocin can akwai littattafan da in ka kai hanci za ka ji ƙamshin ƙuliƙuli da yaji. Ta tirena suka koma gida.

Kaɗan-kaɗan wurin ya farfaɗo. Kwalaye suka riƙa zuwa, wasu daga ƙasar Turawa, wasu daga ƙasashen Larabawa. Ni da ba na karatu ga yadda nake bambanta su: na hagun zauren ta hagu ake buɗe su, na dama ta dama. Akwai kanta guda ta rubuce-rubucen da ɗalibai ke yi in za su gama, duk bango iri ɗaya kamar 'yan gida ɗaya ranar salla. Akwai tsofaffin jaridu da aka ɗinke manya-manya, sai mutum biyu ke ɗaga ɗaya. Akwai taswirorin Tafkin Chadi tun yana da faɗinsa, waɗanda Ilu ya taɓa gani ya rantse inda aka shafa shuɗi can yake kora shanu yanzu. Akwai kasakasai na muryar tsofaffin ƙauye. Sai wani kabad mai ƙananan durowoyi cike da katuna, kowane littafi da katinsa, Auta ya rubuta yawancinsu da hannunsa.

Yanzu an ce katunan nan sun tsufa, wata na'ura ke yin aikinsu. Na gan ta. In wuta ta ɗauke, kuma kullum sai ta ɗauke, sai yara su tsaya cirko-cirko, sannan wani ya tuna da durowa. Ban san me Auta zai ce ba. Shi mutum ne mai son sabon abu, ina jin da shi zai fara koyon na'urar. Amma na san ba zai bari a fitar da durowoyin waje ba.

Abin da ke cin ransa ɗaya ne. Ya ce, "Yaya, duk zauren nan abin da baƙi suka rubuta ne a kanmu. Mai shigowa sai ya zaci mu ba mu taɓa riƙe alƙalami ba." Yana so a ware wuri don littattafan hannu na mutanen ƙasa, kuma yana so na Baba su zama na farko. Amma ba a kai yankakken littafi. Sai ya shiga bin 'yan'uwa. Yaya Garba da kansa ya kai masa nasa, bai jira an tambaya ba. Na Hauwa sai da ya je Garwa inda take aure. Na Ilu ya sha wuya, don Ilu mai bin shanu ne, wasu warƙoƙin gara ta ci, wasu an wanke an ba yara sun sha lokacin ƙyanda. Ranakun hutu ya shimfiɗa tabarma a tsakar gidana ya yi ta jerawa, ba don gidan da yake haya ba shi da fili ba, don in gani. Kowane littafi ya yi tafiya ya yi tafiya, sai ya ci karo da giɓi. Giɓin nan nawa ne, yana ƙasan adakata.

Na ce ban bayarwa.

Dalilina ba ɓoyayye ba ne, na faɗa masa a gaban kowa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Da hannuna na ƙunsa kilishi da takardun gidan nan. Yau a kai rubutun ubana can, gobe a yi harbi, jibi in gan shi a hannun mai ƙosai? Ban gaji gona ba, ban gaji saniya ba. Kashin nan shi ne duk abin da Baba ya bar mini, ko ban iya karanta shi ba, in na buɗe adaka ina jin ƙamshinsa. Auta bai yi musu ba. Cewa ya yi, "Gani ya kori ji, Yaya. Zo ki duba da idonki."

Ya zaci yini ɗaya zan yi. In na gama shanya nama da safe sai in shiga ƙaramar bas ɗin nan da muke ce wa kar, in je in zauna a bencin bakin ƙofa da carbina. Haka na yi ta yi har mai gadi ya daina tambayata. A nan na san abokiyar aikinsa, Madam Rozin, mutuniyar kudu, Kirista, gidanta a unguwar Abena. Kwanakin farko kallon kallo muke yi. Ran nan ta zo ta tsaya a kaina, da Larabcin gari, don ba ta jin Hausa ni ba na jin Faransanci.

"Iya, wani littafi kike nema a kawo miki?"

"A'a. Hannuwanku na zo gani."

Ta duba hannuwanta, ta yi dariya, ta tafi ta kawo mini shayi. Tun daga nan muka saba.

Na kuwa ga abubuwa. Na ga yaro ya gama cin gyaɗa ya shafa hannu a wando ya jawo littafi. Na ga masu lasar yatsa kafin su juya shafi. Na ga layin gara ya taso daga gindin bango yana neman ƙafar kanta, wanda masu tabarau suka wuce ta gefensa don idonsu na sama. Na ga tabon ruwa a silin. Amma na ga wani abin kuma, gaskiya ɗaya ce. Na ga yaran da ba su da kuɗin karin kumallo suna jiran a buɗe ƙofa, su zauna har azahar ba su ɗaga kai ba. Na ga Auta yana manna yagaggen shafi da irin lallashin da ake yi wa jariri wanka. Na ga babban malami ya nemi fita da wani littafi, Madam Rozin ta tsaya a ƙofa tana murmushi, ba ta kauce ba har ya ajiye.

Sai na kafa sharuɗɗa. A sa buta da daro da sabulu a bakin ƙofa, duk mai taɓa littafin hannu ya wanke hannu, Musulmi ne ko Kirista. Kada a ba kowa aro, ko wane ne ubansa. A samo kabad na ƙarfe, a tsoma ƙafafunsa cikin gwangwanayen baƙin mai don gara. Na ƙarshe shi ya ba Auta dariya har da riƙe ciki. Na ce a cikin kabad ɗin, littattafan su zauna a akwatin ƙarfe, kuma kada akwatin ya wuce abin da mace ɗaya za ta ɗauka a ka ta yi sauri da shi.

"Yaya, yaƙi ya ƙare fa."

"Ya gaya maka da zai tafi?"

Bai sake dariya ba. Ya je wajen maƙera ya sa aka ƙera. Na farko na ɗora a ka na ce ya yi nauyi, aka mayar aka rage. Ya cika duk sharuɗɗan, ya zo ya zauna yana kallon adakata. Na ce saura rufin da na ga tabon ruwa a jikinsa, a gyara shi, bari damina ta sauka in ga ko gyaran ya kama. Wasu cikin dangi har yau suna cewa na ja masa rai. Ban yarda ba. Amana ba a gaggawa da ita.

A cikin wannan daminar ciwo ya kama shi. Ƙafafu suka kumbura, ido ya canja launi, asibiti suka yi nasu suka sallamo shi. Aka dawo da shi gidanmu na gado. Rufin bibliyotek bai zuba ba, na je na duba bayan wani ruwa mai ƙarfi, na shafa bango da tafin hannu. Da na dawo na buɗe adaka na ɗauki ƙunshin, na same shi da hantsi a kwance ƙarƙashin darbejiya. Na ajiye a gefensa. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Rufin ya ci jarrabawa ke nan." Na ce da ƙyar.

Madam Rozin ta kawo sauran littattafan da ya adana a wajen aiki, a tasi. Amma ciwo ya riga ya ci ƙarfin Auta, idonsa ba ya jure ƙananan baƙaƙe. Ya ce in matso.

"Dubi nan ƙasa, Yaya. Kin ga kalmar nan da ta zauna ita kaɗai a gindin shafi? Mai rubutu yana ajiye ta ne don ta nuna warƙar da ke biye. Nemo mini a cikin naki wadda ta fara da mai kama da ita."

"Ni da ban san alif ba?"

"Ke da kika gane zaninki da aka sace a jikin wata a gidan biki, bayan an rina shi?"

Haka muka yi aikin. Ni ban san abin da suke faɗa ba, kamanninsu nake bi. Wannan mai jela kamar kunama, waccan mai ɗigo uku kamar duwatsun murhu, wata ta kwanta kamar ƙwarya. In na samo in miƙa, ya kai kusa da ido ya gyaɗa kai. Yaya Garba ya rufe teburinsa a kasuwa ya zo ya zauna, aikinsa danne warƙoƙi da tsakuwa kada iska ta ɗauka. Yana ta cewa, "Ni na yanka, ku ku ɗinke, Allah ya bar kowa da sana'arsa." Inda gara ta ci ko aka wanke, Auta ya sa a saka farar takarda, ba rubutu. Ya ce kada mai karatu ya zaci maganar a haɗe take, a bar masa alama ya san akwai abin da ya tafi.

Da littafin waƙoƙin ya haɗu ya ce a tayar da shi zaune. Ya karanta da 'yar muryar da ta rage masa, da karin da Baba ke yi bayan sallar asuba. Rabon da in ji ta daga farko har ƙarshe tun kafin Kusiri. Da ya kai tsakiya, wajen da shekara da shekaru yake kwance a adakata ban san shi ne ba, sai na miƙe na ce zan duba wuta. Babu tukunya a kan wutar. Kowa ya sani.

Kafin kaka ta shigo ya rasu. Ya riga ya damƙa wa Madam Rozin makullin kabad ɗin ƙarfe a gabana.

Shekarun da suka biyo baya garin ya canja kamar an juya waina. Aka ce an samu man fetur, aka zuba kwalta, gidajen sama suka tashi. Kowane yaro da waya a kunne, 'yan babur da ake kira klando sun cika titi ba sa ganin tsoho. Ɗalibai sun fi son su biya a buga musu hoton shafi su tafi da shi a aljihu, da su zauna su karanta. Sau da yawa nakan tambaye shi a raina, Auta, don waɗannan ka ƙarar da idonka? Sai in ji kamar yana amsawa da irin haƙurinsa mai ban haushi, cewa ko mutum ɗaya ne ya zo a shekara, dole ya tarar da ƙofa a buɗe. Ban daina zuwa ba. Duk farkon damina ina zuwa duba rufi da gwangwanayen mai.

Sai bara, farkon shekara, abin da na ji tsoro ya zo. Kun ji labari a rediyo, mu a kanmu aka yi. Harbi ya shigo har tsakiyar gari. Muka kwashi jikoki muka bi ayari zuwa Kusiri, wannan karon ta kan gada, mutane kamar a mitsitsike juna. Ina riƙe da hannun yara biyu, amma Allah ya sani rabin zuciyata na wajen akwati. Da ƙura ta lafa muka dawo, ban ko kwance kaya ba na nufi jami'a. Ƙofar a ɓalle, kamar ƙofofi da yawa a garin. An kwashe na'urori da fankoki, takardu a warwatse a ƙasa. Na wuce kai tsaye. Kabad ɗin ƙarfe a buɗe, ba komai a ciki.

Na zauna a ƙasa, a nan inda nake. Ban yi kuka ba. Ido na riƙa bi da shi kan takardun da ke ƙasa, ina neman tawada baƙa da ja. Mai gadi ne ya zo ya ce, "Iya, ki je wajen Madam." Ni da na rantse ba zan taɓa hawa klando ba, ran nan na hau har Abena, ina riƙe da rigar ɗan mutane kamar zan yaga ta.

Na tarar da ita tana wanki. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta goge hannu ta ja ni ɗaki. Ga akwatin a can saman kabad ɗin kayanta, an lulluɓe shi da zanin da take zuwa coci da shi. Ta ce tun da aka fara raɗe-raɗin cewa 'yan tawaye suna matsowa, motoci suka ɗauke daga titi, ta naɗa gammo ta ɗora shi a ka, da ƙafa har gida. Ta ce Misye Hamisu ya gaya mata ba a ajiye shi a ƙasa, ba a ɗora komai a kansa, don haka ita da 'ya'yanta suka kwanta ƙarƙashin gado lokacin harbi, shi yana sama.

"Wanda ya ce a ƙera shi daidai kan mace," in ji ta, "bai tambayi wuyan macen ba. Har yanzu ba na iya waiwaye."

Muka sauke, na buɗe. Ƙamshin fata da hayaƙi ya taso. Komai na nan, har fararen takardun.

Sai ta zauna kusa da ni ta ce, "Iya, ke kika yi gaskiya. Kin ga ƙofar da idonki. In kina so ki tafi da shi gida, tafi da shi. Ba wanda zai ga laifinki, ni zan yi bayani."

Na dubi akwatin. Abin da na shekara ina faɗa ga shi ya tabbata, ga kuma kayan ubana a gabana, ba kashina kaɗai ba, dukkansu, a haɗe. Adakata na nan, makullinta a haɓar zanina. Sai na tuna 'ya'yana maza uku. Yaran kirki ne, masu tsoron Allah, ba sa cin haƙƙin kowa. Dukkansu mahauta ne, kuma dukkansu a hannun kawunsu Garba suka koyi kasa nama. Ranar da na rufe ido za su zauna da 'yan'uwansu mata da zuciya ɗaya, su ce kada a tauye kowa. A bibliyotek, ɓarawo sai ya ɓalle ƙofa. A gidana, adalci da kansa zai buɗe adakar, ana sa masa albarka.

Na ce mata, "A gyara ƙofa. Ranar da aka sa sabon kwaɗo ki aiko mini."

Da aka gyara muka ɗauki tasi tare. Daga bakin get na ce a ɗora mini. Ta ce Iya shekarunki. Na ce ni na auna shi. Na kai shi har cikin kabad, na duba gwangwanayen, biyu sun bushe, na sa aka ƙara mai.

To me ya rage na Auta bayan shekara goma? Bai bar gida ba, bai bar mota ba, sunansa ba ya jikin kowane bango. Yaran da ke shiga can yanzu ba su san shi ba. Amma butar na nan a bakin ƙofa, an canja ta ya fi a ƙirga, suna wanke hannu ba su san wanda ya sa ba. Akwatunan sun zama da yawa, don da wasu gidajen suka ji labari sun kawo na kakanninsu, na Larabci, na Fulatanci, na Barbarci, kowane akwati daidai kan mace. Kwanan baya na tarar da wata yarinya, 'yar Fulanin masu shanu, ta buɗe na taurarin Baba tana kwafa a hankali. Ta kai kan farar takarda ta tsaya, ta ɗaga kai tana tunani, sannan ta juya ta ci gaba. Na ce a raina, haka gidanmu yake tun da aka fita da Auta. An bar wurinsa fari, ba mu cike da kowa ba, muna juyawa muna ci gaba.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da Baba, ya ba Rozin lafiyar wuya. Yaya Garba yana nan da ransa, ido ya tafi, amma har yanzu in za a yi watanda sai an kai shi ya shafa kashi-kashin da hannu. Ni kuwa na tara 'ya'yana na gaya musu, Balki ma ga shi tana rubutawa da hannunta, ta zama shaida. In na mutu ku raba ɗaki, ku raba tukwane, ku raba zannuwa, kada ku tauye kowa. Abin da ke cikin akwatin can kuwa, mai son gadonsa ya je ya wanke hannu ya karanta.